Gani Bai Kori Ji Ba: Yadda Ake Karanta Rubutun Jita

Tun fil azal sana'ar kiɗa a ƙasar Hausa gado ce, kuma makarantarta ita ce gaban maigida. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, daga nan ya shiga sahun 'yan amshi, sa'an nan wata rana a miƙa masa gurmi ko garaya a ce ya gwada. Ba allo, ba tawada, ba takarda. Ido ya kalli yatsu, kunne ya riƙe murya, hannu ya kwaikwaya, shi ke nan karatu ya zauna.

To, amma jita baƙuwa ce, kuma samarin da ke sha'awarta a yau, daga Kano da Jos da Kaduna har zuwa Damagaram da Maraɗi, galibinsu ba su da maigidan da za su durƙusa a gabansa. Abin da ke hannunsu shi ne wayar salula. Saurayi ya yi ta tari har ya sayi jita 'yar gwanjo, ya nemi kiɗan da yake so a intanet, sai a shimfiɗa masa layi shida a jere, an barbaɗa musu lambobi, nan ga h, can ga p, ga x, ga wata karkatacciyar sanda, sai ka ce hatimi. Da yawa a nan suke karaya. Waɗansu kuwa su yi ƙarfin hali su karanta shi a kife, su shafe wata guda suna azabtar da yatsunsu, kiɗa bai fito ba, su yanke wa kansu hukunci cewa ba su da baiwa, a rataye jita a bango ta zama gidan gizo-gizo. Alhali kuwa abin da ya shiga tsakaninsu da ita bai wuce bayanin sa'a ɗaya ba. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Wannan rubutu makaɗa suna ce masa tab, watau gajarta kalmar tablaca. Asalin kalmar daga harshen Latin ne, kuma ma'anarta allo. Shi ne wannan fili zai warware a wannan mako.

JITAR DA KANTA

Kafin a gane rubutun, wajibi ne a san abin da aka yi rubutun dominsa. Jita ta yau da kullum tsirkiya shida gare ta, kuma ana ƙidaya su ne daga siririya zuwa kakkaura. Idan makaɗi ya rungumi jitarsa, siririyar nan da ke can ƙasa kusa da cinyarsa ita ce ta ɗaya, kakkaurar da ke sama kusa da haɓarsa ita ce ta shida. Turawa sun laƙaba wa kowace harafi gwargwadon muryarta: ta shida E, ta biyar A, ta huɗu D, ta uku G, ta biyu B, ta ɗaya kuma E ce, amma akan rubuta ta da ƙaramin baƙi don kada a rikita ta da kakkaurar.

A bisa wuyan jita an gitta waɗansu 'yan ƙarafa, sun raba shi gaɓa-gaɓa kamar sandar rake. Gaɓa ta ɗaya ita ce wadda ke kusa da kan jita, inda kunnuwan ɗaurin tsirkiya suke, daga nan a yi ta ƙidaya ana gangarowa wajen cikinta. Jita mai tsirkiyar roba takan yi gaɓa 19, ta lantarki kuwa 21 ko 22, wata har 24. Duk lokacin da makaɗi ya danna tsirkiya a wata gaɓa, gajarta ta ya yi, kuma gwargwadon gajartar tsirkiya gwargwadon tashin muryarta. A jita mai tsirkiyar roba, tsawon sashen da ke kaɗawa yakan kai santimita 65, ƙarfe na 12 kuwa yana daidai tsakiya, watau a santimita 32 da rabi. Saboda haka muryar gaɓa ta 12 ita ce muryar tsirkiyar a sake, sai dai ta hau sama, kamar yadda uba da ƙaramin ɗansa za su rera waƙa ɗaya tare, murya guda ce amma ta ɗan ta fi kaifi. Domin sauƙin ƙidaya ne ake sa ɗigo a gaɓa ta 3 da ta 5 da ta 7 da ta 9, a sa ɗigo biyu a ta 12.

LAYI SHIDA DA LAMBOBI

Layukan nan shida na tab su ne tsirkiyoyi shida, ba wani abu ba. Amma ga inda tarkon yake: layin da ke sama a takarda shi ne siririyar tsirkiya, wadda a jikin jita take ƙasa, na ƙasan takarda kuwa shi ne kakkaura. Mai neman ya fita daga wannan ruɗani sau ɗaya tak, sai ya kwantar da jitarsa a cinya, fuskarta tana kallon sama, kanta yana wajen hagu, ya duba. Zai ga kakkaurar ce kusa da cikinsa, siririyar tana nesa da shi. Abin da idonsa ya gani a wannan hali, shi ne aka zana a takarda.

Lambobin da ke bisa layukan kuwa lambobin gaɓa ne, ba na yatsu ba. Wannan shi ne kuskure na biyu da ke kayar da masu koyo. In aka ga 3 a kan layi na biyu, ba cewa aka yi a sa yatsa na uku ba, cewa aka yi a danna tsirkiya ta biyu a gaɓa ta uku a kaɗa. Sifiri kuwa yana nufin a kaɗa tsirkiyar a sake, ba tare da an danna ko'ina ba. In lamba biyu suka manne, kamar 12, gaɓa ta goma sha biyu ke nan, ba ta ɗaya da ta biyu ba. Ana karantawa daga hagu zuwa dama kamar boko, ba daga dama ba kamar ajami. Lambobin da suka biyo juna ana kaɗa su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka jera a tsaye, wannan bisa wancan, ana kaɗa su gaba ɗaya. Ga misali:

e |------------0--|
B |------------1--|
G |------0--2--0--|
D |--2---------2--|
A |------------3--|
E |------------x--|

Karatun wannan shi ne: a danna tsirkiya ta huɗu a gaɓa ta biyu a kaɗa, a kaɗa ta uku a sake, a danna ta ukun a gaɓa ta biyu a kaɗa, sa'an nan a shafi tsirkiya biyar gaba ɗaya, ta biyar tana danne a gaɓa ta uku, ta huɗu a ta biyu, ta uku a sake, ta biyu a ta ɗaya, ta ɗaya a sake, ta shida kuwa a ƙyale ta. Wannan haɗin murya na ƙarshe shi ake kira C, kuma sau da yawa akan taƙaita shi a rubuta x32010, ana farawa daga kakkaura zuwa siririya. Haka nan 022000 da 320003 da x02210 duk haɗe-haɗen murya ne da mai koyo zai yi ta karo da su.

HARUFFA DA SAURAN ALAMOMI

Lambobi suna faɗin inda za a danna, haruffa kuwa su ne ke faɗin yadda za a sarrafa tsirkiyar, kuma a nan gishirin kiɗa yake. Yawancinsu baƙaƙen farko ne na kalmomin Ingilishi. Ga layi ɗaya da ya tara manyansu:

G |--5h7--7p5--7b9r7--5/7--7~--|

Harafin h daga kalmar nan hama yake, watau guduma. In aka rubuta 5h7, sai a danna gaɓa ta biyar a kaɗa sau ɗaya, tun muryar ba ta mutu ba a sauke wani yatsa da ƙarfi a gaɓa ta bakwai kamar saukar guduma. Murya biyu za su fito, amma hannun dama sau ɗaya ya taɓa tsirkiya. Harafin p shi ne kishiyarsa. A 7p5, yatsa ɗaya yana gaɓa ta bakwai, wani ya riga ya zauna a ta biyar. A kaɗa, sa'an nan a fizge yatsan da ke ta bakwai, yana ɗan ƙwagular tsirkiyar wajen fita, sai muryar ta biyar ta bayyana. Wanda ya ɗaga yatsan kawai bai fizga ba, muryar za ta fito a raunane ko ta ɓace. Waɗannan biyu su ne ke sa kiɗa ya zubo kamar ruwa maimakon ya riƙa fitowa ɗai-ɗai kamar tsakuwa, kuma duk wanda ya saurari marigayi Ali Farka Ture na Mali ko makaɗan jitar Agadas ya ji su ba adadi, ko da bai san sunansu ba.

Harafin b yana nufin lanƙwasawa, kuma shi ya fi ruɗar mutane. A 7b9 yatsa ba ya zuwa gaɓa ta tara ko kaɗan. Yana nan a ta bakwai, sai dai ya tura tsirkiyar gefe a bisa wuyan jita, ta ƙara ɗaurewa, muryarta ta yi ta hawa har ta kai muryar da gaɓa ta tara take bayarwa. Watau lambar farko wurin yatsa ce, ta biyun kuwa wurin da kunne zai tsaya. In aka rubuta 7b8, rabin wancan turin ake nufi. Harafin r da ke biyo baya shi ne saki, a mayar da tsirkiyar mazauninta a hankali ba tare da an sāke kaɗawa ba. A littattafan da aka buga, maimakon b akan zana kibiya mai lanƙwasa tana duban sama. Ya kamata a sani wannan aiki ya fi sauƙi a jitar lantarki mai siraran tsirkiyoyi; mai jitar roba in ya ga muryar ta ƙi hawa yadda ake so, kada ya zargi yatsansa.

Karkatacciyar sanda alamar sulɓi ce. A 5/7 sai a kaɗa a gaɓa ta biyar, a ja yatsan yana danne har zuwa ta bakwai. In sandar ta karkata ɗaya gefen, kamar 7\5, komawa baya ke nan. Alamar nan mai kama da tafiyar maciji, watau ~, tana nufin a girgiza yatsa a kan tsirkiya don muryar ta yi karkarwa, irin wadda ake ji a muryar goge.

Harafin x aiki biyu gare shi. A cikin haɗin murya, kamar misalin da ya gabata, yana nufin kada a bar wannan tsirkiya ta yi magana. In kuwa ya zo shi kaɗai a kan layi, ko an jera shi a layuka da yawa, nufinsa a ɗora yatsun hagu a kan tsirkiya ba tare da an danna ba, a kaɗa, sai a ji wani ƙas kamar an bugi ƙwarya. Da wannan ne mai jita ke zama makaɗin ganga a lokaci guda. Ɗan'uwansa shi ne PM, wanda akan rubuta a sama ko ƙasan layuka, a ja masa ɗige-ɗige zuwa inda zai ƙare. A nan gefen tafin hannun dama ne ake kwantarwa a kan tsirkiyoyi dab da jaki, watau ɗan abin nan da suke hawa a bisa cikin jita, sai muryar ta fito a dunƙule, ba ta mutu ba kuma ba ta yi tsawo ba.

Akwai kuma waɗansu da ba a cika gani ba. Lamba a tsakanin kusurwa biyu, kamar <12>, tana nufin a ɗora yatsa sama-sama daidai saitin ƙarfen, ba a danna ba, a kaɗa a ɗauke, sai murya ta tashi garau kamar ƙararrawa. Wannan ya fi fitowa a ƙarfe na 12 da na 7 da na 5, domin su ne suka raba tsirkiya biyu da uku da huɗu. Harafin t yana nufin yatsan hannun dama ne zai tsallako ya buga gaɓar, dabarar da Eddie Van Halen na Amurka ya sa ta yi tashe daga shekarar 1978. Lamba a cikin baka biyu, kamar (5), tana nufin ko dai a taɓa ta a hankali ƙwarai, ko kuma muryar baya ce take ci gaba, ba sabuwar kaɗawa ba. Alama mai kama da V tana nufin a kaɗo daga ƙasa zuwa sama, mai kama da ƙofar ɗaki kuwa daga sama zuwa ƙasa.

Sai dai a lura, babu wata hukuma da ta tsara waɗannan alamomi. Wani marubucin zai sa s a wurin sulɓi, wani ya sa wata alama dabam a wurin lanƙwasawa. Marubuci nagari yakan jera fassarar alamominsa a farkon shafi ko ƙarshensa, kuma mai koyo nagari daga nan yake fara karatu. Matambayi ba ya ɓata.

ABIN DA ALLON BAI FAƊA BA

Da a ce nan maganar ta tsaya, da kowa ya zama makaɗi cikin mako guda. Amma tab yana da babban giɓi, kuma sanin giɓin nan ya fi sanin dukan alamomin da aka lissafa muhimmanci. Tab yana gaya wa hannu inda zai je, ba ya gaya masa yaushe zai je, ko tsawon zaman da zai yi. Lamba 5 da za a riƙe tsawon numfashi guda da lamba 5 da za a taɓa a wuce kamar ƙiftawar ido, duk kamanninsu ɗaya a takarda. Gaskiya ne waɗansu marubuta sukan buɗa tazara tsakanin lambobi don nuna jinkiri, su kuma gitta tsayayyun layuka don raba kiɗan gida-gida, amma wannan kirdado ne, ba awo ba. Kiɗa kuwa in aka zare masa lokaci, ƙara kawai ya rage.

Bahaushe ya fi kowa cancantar gane wannan al'amari, domin haka rubutunsa yake. In aka rubuta gari a boko, babu abin da ya nuna ko wanda ake zama a ciki ne ko wanda ake tuƙa tuwo da shi. In aka rubuta kuka, ba a bambanta na jariri da wadda ake miya da ganyenta ba. Boko bai rubuta hawa da saukar murya ba, bai rubuta tsawon wasali ba, amma duk da haka Bahaushe yana karanta jarida ba ya tuntuɓe, saboda harshen yana cikin kunnensa tun kafin ya ga takarda. Baƙon da ya haddace baƙaƙe kawai, in ya karanta sai yara su yi dariya. To, haka tab yake. An yi shi ne domin wanda ya riga ya ji kiɗan, ya zauna masa a ka. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan fage gani bai kori ji ba, ɗan rakiyarsa ne kawai.

Akwai abu biyu kuma da ya kamata a duba a saman shafi kafin a taɓa tsirkiya. Na farko shi ne ɗauri. Lambobin tab ba su da amfani sai in an ɗaure jita yadda marubucin ya ɗaure tasa, kuma ba kowane makaɗi ke bin ɗaurin E A D G B e ba. Makaɗan jitar Sahara, alal misali, sukan sauya ɗaurin wata tsirkiya don ya dace da kiɗansu. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Na biyu shi ne kafo, watau matsin nan da ake ɗaurawa a wuyan jita ya danne tsirkiyoyi duka a gaɓa ɗaya. In an ce a sa shi a gaɓa ta biyu, galibi daga nan ake fara sabuwar ƙidaya, sai lamba 1 ta zama gaɓa ta uku ta ainihi. Bugu da ƙari, yawancin tab da ke yawo a intanet masu sha'awa ne suka rubuta shi da kunnensu, ba masu kiɗan ba, saboda haka kuskure ba ya ƙaranci. In takarda da faifai suka saɓa, faifai ke da gaskiya.

Amma kada a raina wa tab. Yana da wata falala da rubutun kiɗa na Turawa mai layi biyar da ɗige-ɗige masu wutsiya ba shi da ita. A jita, murya ɗaya tana da gidaje da yawa. Muryar tsirkiya ta ɗaya a sake, ita ce a gaɓa ta 5 ta tsirkiya ta biyu, ita ce a ta 9 ta tsirkiya ta uku, ita ce a ta 14 ta tsirkiya ta huɗu, ita ce kuma a ta 19 ta tsirkiya ta biyar, kowace da irin kaurinta da irin sauƙinta ga yatsu. Rubutu mai layi biyar yana faɗin muryar da tsawonta, ya bar makaɗi ya nemi gidan. Tab yana nuna gidan, ya bar makaɗi ya nemi tsawon. Don haka ne littattafan koyon jita da yawa suke buga su tare, ɗaya bisa ɗaya.

BA YAU AKA FARA BA

Mai ganin tab a waya zai zaci ƙirƙirar zamanin kwamfuta ce, alhali ya girmi kakan kakansa. Tun a ƙarni na 9 masanin nan na Bagadaza, Alkindi, ya yi amfani da baƙaƙen Larabci wajen nuna muryoyin da ke wuyan molon Larabawa da ake kira ud. Safiyuddin al-Urmawi, wanda ya rasu a 1294, ya rubuta kiɗa a littafinsa Kitabul Adwar, baƙaƙe suna nuna murya, lambobi suna nuna tsawonta. Shi wannan ud ya shiga Turai ta Andalus da tsibirin Sisili, har sunan da Turawa suke kiran nasu molon, watau lut, daga kalmar al-ud aka samo shi.

A shekarar 1507 wani mai ɗab'i a birnin Banis na Italiya, Ottaviano Petrucci, ya buga littafin farko na kiɗan lut da rubutun tab. Mutanen Italiya lambobi suke sawa, amma siririyar tsirkiya a layin ƙasa take a wurinsu. Faransawa da mutanen Ingila haruffa suka zaɓa: a tsirkiya a sake, b gaɓa ta ɗaya, c ta biyu. A 1536 kuma Luis Milan ya buga littafinsa a birnin Balansiya na Sifen, ya sa lambobi, ya kuma ɗora siririyar tsirkiya a layin sama, kamar dai yadda ake yi a yau. Abin lura shi ne, waɗannan magabata sukan zana 'yan tutoci a saman layuka don nuna tsawon kowace murya, watau nasu rubutun ya fi na yawancin jikokinsu cika.

Wajen ƙarshen ƙarni na 18 makaɗan jita na Turai suka watsar da tab suka koma rubutu mai layi biyar. A ƙarni na 20 ne ya farfaɗo a Amurka, a hannun masu koyar da kiɗan talakawa, irin su Pete Seeger wanda ya yi amfani da shi a littafinsa na koyon banjo a 1948. Da intanet ta zo, sai ya zama abin da ya fi kome sauƙin aikawa, tun da ba ya bukatar zane, sai abin da ke kan madannan keken rubutu. Dalilin da ya sa h da p da karkatacciyar sanda suka maye gurbin kibiyoyi da bakan da ake zanawa a littattafai ke nan. A 1992 aka kafa wata babbar taska ta tab a intanet mai suna OLGA, wadda kamfanonin da ke riƙe da haƙƙin mallakar waƙoƙi suka sa aka rufe a 2006. Wannan ma darasi ne: rubuta kiɗan wani a allo bai mayar da kiɗan na mai allon ba.

INA RABON KAYAN KIƊAN GIDA?

Manyan makaɗan jita na wannan yanki ba da takarda suka koya ba. Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, da Bombino da Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, duk kunne da kaset da kallon na gaba ne malamansu. Shi Mdou Moctar ma jitarsa ta farko da kansa ya ƙera ta da wayar burkin keke. Wannan ya isa shaida cewa ana zama gwani ba tare da tab ba, amma ba a zama gwani ba tare da kunne ba.

Duk da haka akwai abin tunani. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015. Faifansa suna nan, kowa na iya jin abin da kuntigi ya faɗa a hannunsa, amma faifai ba ya nuna yatsa. Haka abin yake ga masu gurmi da garaya da molo da kukuma da suka riga mu gidan gaskiya, da waɗanda suka tsufa 'ya'yansu suka kama wata sana'a. Ka'idar tab kuwa ba ta jita kaɗai ba ce: layi ɗaya ga kowace tsirkiya, lamba ga kowane wurin yatsa. Kuntigi layi ɗaya zai ci, garaya biyu. Wahalar ita ce waɗannan kayan kiɗa ba su da ƙarafan da suka raba wuyansu, kuma daɗinsu sau da yawa yana cikin muryoyin da ke faɗawa tsakanin gaɓa da gaɓa, waɗanda lamba ba za ta iya kamawa ba. Amma wannan aikin masana ne da makaɗa su zauna tare su daidaita, su auna wuraren yatsu, su ƙirƙiro alamomin da suka dace, a ajiye rubutun tare da faifai da hoto mai motsi. Kiɗan lut na shekara ɗari biyar da suka wuce ana kaɗa shi yau ne saboda wani ya ɗauki alƙalami. Abin da ba a rubuta ba kuwa, ranar da mai shi ya kwanta dama, rabinsa ya bi shi.

Shi kuwa saurayin da ya rataye jitarsa, shawara gare shi ita ce ya sauko da ita ya kakkaɓe. Ya fara ɗaure ta daidai. Ya zaɓi kiɗa gajere, ya saurare shi har ya iya rera shi da baki ba tare da faifai ba. Sa'an nan ya buɗe tab, ya karanta fassarar alamomi, ya tuna layin sama siririya ce, lamba kuma gaɓa ce. Ya ɗauki gida ɗaya ya kaɗa a hankali, ƙafarsa tana buga ƙasa tana riƙe masa lokaci, kada ya wuce sai ya zauna. Sannu ba ta hana zuwa. Yatsu za su yi zafi makon farko da na biyu, daga baya su yi kanta su daina. In gidan ya zauna, ya kife takardar ya kaɗa da ka, kamar yadda almajiri ke wanke allo bayan ya haddace, domin allo ba a yi shi don a dawwama a kansa ba. Duk inda ido da kunne suka yi gardama kuwa, ya bai wa kunne gaskiya. Kunne ya girmi kaka, balle takarda.